Darasin Wata: Wanke Guba Daga Jiki da Gida, Abin da Manomi Zai Koya Wurin Soja

A wannan darasi za mu duba yadda sojoji suke tsabtace mutum da kayansa idan guba ko ƙwayar cuta ta same shi, da yadda wannan ilimi zai ceci rai a gonakinmu na Malikanchi, Ikara, Makarfi da Kudan. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata, matasa da ƙungiyoyin manoma su karanta shi tare da jama'arsu, su kuma gayyaci maƙwabta, gama guba ba ta tambayar addinin kowa.

Me ya haɗa manomi da soja?

Wani zai ce, ina ruwanmu da makamai masu guba? A shekarar 1936 wani masanin haɗa magunguna a Jamus, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwarin gona, sai ya gano gubar da ake kira tabun. A 1938 aka gano 'yar'uwarta, sarin. Dukansu biyu sun zama makaman yaƙi. A watan Maris na 1988 iskar guba, har da irin waɗannan, ta kashe mutum wajen 5,000 a garin Halabja na Iraƙi.

Da yawa cikin magungunan da muke fesa wa tumatir, barkono da wake, kamar Sniper da fiya-fiya, dangi ɗaya ne da waɗannan makamai. Ƙarfinsu bai kai nasu ba, amma aikinsu a jiki iri ɗaya ne: suna hana jijiya hutawa bayan ta aika saƙo. Shi ya sa wanda ya kamu yakan yi ta zubar da yawu, gumi da hawaye, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ya yi amai da gudawa, jikinsa na rawa, numfashi na yi masa wuya. Allurar atirofin da soja yake ɗauke da ita domin ranar wuya, ita ce likita yake yi wa manomin da maganin feshi ya kama. Tunda ciwon ɗaya ne, dokokin wanka ma ɗaya ne.

Dokoki biyar na soja

1. Mai taimako ya fara kāre kansa. A ranar 20 ga Maris 1995 aka saki sarin a jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Tokiyo a Jafan. Waɗanda abin ya shafa suka ruga asibiti da tufafinsu, sai gubar ta kama likitoci da nas-nas masu yawa. Kafin mu taɓa wanda magani ya zubo masa, mu sa safar hannu ta roba. In babu, mu zura hannu cikin leda biyu.

2. A fitar da shi daga wurin. Soja yakan kai ɗan'uwansa gefen da iska take fitowa, don kada ta kaɗo musu gubar. Mu ma mu fitar da mutum daga gona ko ɗakin ajiya zuwa fili, mu kori yara da 'yan kallo.

3. A cire tufafi nan da nan. Ana koya wa sojoji da masu aikin ceto cewa cire tufafi kaɗai yana raba mutum da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na gubar da ke jikinsa. Kada a ja riga ta kai, don za ta shafi ido da baki. A yanke ta da almakashi, a ƙulle a leda. Takalmin fata da ya sha magani ba ya wankuwa, sai a yar. A nan ne kunya takan jawo asarar rai. Idan mace ce, mata su kewaye ta da zannuwa su taimake ta. Idan dattijo ne, 'ya'yansa maza su yi. Jinkirin minti goma domin kunya yana ba guba lokacin ratsa fata.

4. A wanke da sabulu da ruwa mai yawa. A fara daga kai zuwa ƙafa, har da gashi da ƙarƙashin farce. Kada a dirje da soso mai kaushi, kada kuma a yi da ruwan zafi, don suna ƙara shigar da maganin. Idan ya shiga ido, a buɗe idon a riƙa zuba ruwa mai tsabta har minti 15.

5. A raba mai datti da mai tsabta. Sojoji sukan shata layi a ƙasa: gefe ɗaya na masu guba, tsakiya wurin wanka, ɗaya gefen na waɗanda aka tsabtace. Ba abin da yake ƙetare layin sai an wanke shi. A gidajenmu, wurin wankan ya yi nesa da rijiya, madafa da inda awaki suke shan ruwa. Kayan feshi kuma kada a haɗa su da wankin yara.

Bayan wanka a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi, ko Asibitin Koyarwa na Shika idan abin ya yi tsanani. A tafi da kwalbar maganin domin likita ya karanta sunansa. Idan sha ya yi, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tilasta masa amai, domin abin yana iya faɗawa cikin huhu.

Kayan aiki da ƙasa

Soja ba ya tsayawa a jikinsa kaɗai, yakan wanke motarsa da bindigarsa. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin tankin feshi, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko kunu a ciki. Maganin da ya zube a ƙasa a rufe shi da yashi, a kwashe, a binne nesa da ruwa. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa buhun masara da wake ta bambanta: danshi ne yake sa ta fitar da iska mai kisa. Kada a zuba mata ruwa, kada kuma a ajiye buhunan a ɗakin kwana.

Abin da ya faru a Zamfara ya nuna muhimmancin tsabtace ƙasa. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF sun ga cewa ba amfani a ba yaro magani ya koma gidan da gubar take. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka binne ta a bayan gari, aka kawo sabuwa. A Bagega an yi wannan aiki a 2013.

Idan ƙwayar cuta ce

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Nan ne aka fara ganin wannan mugun nau'i a kajin Afirka, kuma kaji dubbai suka mutu. A farkon 2007 cutar ta kashe wata matashiya a Legas. Idan kajinmu suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kada mu yanka mu ci, kada mu kai kasuwa. Mu sanar da malamin dabbobi, mu binne mushen a rami mai zurfi, mu wanke hannu, takalmi da akurki.

Ga haɗin da ma'aikatan lafiya suka yi aiki da shi lokacin cutar Ebola a 2014. A samo ruwan bilic mai kashi 3.5 cikin ɗari, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Awo 1 cikin ruwa awo 6 shi ne na wanke ƙasa, bokiti da takalmin roba. Domin wanke hannu, a ɗebi awo 1 na wannan haɗin a ƙara masa ruwa awo 9. A riƙa haɗa sabo kowace rana. Kada a sa shi a ido, kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A Littafin Ƙidaya sura 31, mayaƙan da suka dawo daga yaƙi sun zauna bayan zango kwana bakwai, suka wanke tufafinsu kafin su shiga cikin jama'a. A Littafin Firistoci sura 14, gidan da cuta ta kama akan kankare bangonsa, a zubar da ƙurar a bayan gari, a yi sabon yaɓe. Tsabtar da take kāre maƙwabci aikin ƙauna ce.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ina ake ajiye maganin feshi a gidanmu? Hannun yaro zai kai wurin?
2. Idan magani ya zubo wa mace a gona, wa zai taimake ta cire tufafi? Mun shirya wannan tun yanzu?
3. Kwalabe nawa na maganin ƙwari ake zuba ruwa ko mai a cikinsu a unguwarmu?

Aikin wannan wata: kowane mai feshi ya tafi gona da jarkar ruwa, sabulu, leda da rigar canji. Mu yi addu'a domin manomanmu, ma'aikatan lafiya da sojojinmu, Ubangiji ya tsare fitarsu da shigarsu. Amin.