Ko Ya Kamata A Bar Masu Neman Gudummawa Su Tare Mutane A Hanya?

Ya mai karatu, akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana damun mutanen Ingila, har ta kai gaban majalisarsu. Ga ta: idan ƙungiya mai aikin jinƙai tana bukatar kuɗi, ko daidai ne ta aiki mutanenta su tsaya a titi, ko su bi gida gida, suna matsa wa jama'a su bayar? Muna so mu bincika wannan magana tare da kai, gama duk wanda ya shiga hanyar bin Almasihu za ya sami kansa wata rana cikin ɗayan biyu: ko shi a ke roƙo, ko shi aka aika roƙon. Miskini mai bara domin cikinsa zancensa dabam ne. A nan muna maganar mai roƙo da sunan waɗansu.

Bari mu fara da yadda abin ya ke. A shekara ta 1995 ƙungiyar Greenpeace ta soma wata sabuwar dabara a ƙasar Ostiriya, kafin shekara ta 2000 kuwa dabarar ta iso Ingila. A kan tsai da samari da 'yan mata a titin da ya fi cika, kowa sanye da riga mai sunan ƙungiya. Ba su karɓar kwabo ko sule a hannu. Abin da su ke nema shi ne ka sa hannu a takarda, ka ba da lambar ajiyarka ta banki, domin banki ya riƙa cire wani abu kowane wata yana aika wa ƙungiyar, har ran da ka hana. Ƙungiyoyi suna son wannan ƙwarai, gama wanda ya san abin da za ya shigo masa wata mai zuwa ya iya ɗaukar ma'aikaci, ya iya fara ginin asibiti da kwanciyar rai.

Amma da yawa cikin samarin nan ba 'yan ƙungiyar ba ne. Ma'aikatan wani kamfani ne da aka yi hayarsa, a kan biya kamfanin bisa ga yawan mutanen da suka sa hannu. Biyan lada ba laifi ba ne, gama da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Sai dai ka lura da abin da wannan ke haifarwa: saurayin da ya san aikinsa ya rataya ga yawan sa hannu, da wuya ya karɓi a'a ta fari. Sai ya tare gaba, ya bi mutum yana magana, ya ambaci yara masu yunwa har kunya ta kama mai wucewa. Mutanen Ingila suka gaji, har suka laƙaba musu sunan zolaya wanda ma'anarsa 'yan fashin sadaka. Ga kuma wata hasara a ɓoye. Sau da yawa kuɗin watannin fari ladan kamfani kaɗai su ke biya, mutane da yawa kuwa da suka sa hannu don kunyar ido su kan janye kafin shekara ta zagayo. Ashe matalaucin da aka yi roƙo da sunansa bai ga kome ba daga irin wannan kyauta.

Ƙasar tana da dokoki tun da daɗewa. Dokar 1916 ta ba hukuma ikon tsara tara kuɗi a titi, har ya zama sai da izini. Dokar 1939 kuma ta sa sai da lasisi a ke bin gidaje. Amma waɗanda suka rubuta ta 1916 gwangwani da tsabar kuɗi suka sani, don haka mai neman sa hannu a titi ya kuɓuce mata, tun da ba kuɗi ya ke karɓa ba. Sai ƙungiyoyin suka shiga yin yarjejeniya da majalisun garuruwa a kan ranaku da wuraren tsayawa da yawan masu tsayawa. Cikin ƙa'idodin da suka ɗora wa kansu har da cewa kada mai roƙo ya bi mutum fiye da taki uku, kada kuma ya tsaya kusa da ƙofar kanti ko na'urar cire kuɗi ƙasa da mita uku. Abin mamaki ne a ce sai an ƙirga wa mutum takinsa kafin ya san ladabi, amma haka ta kasance.

A watan Mayu na 2015 wata tsohuwa mai shekara 92 ta rasu a birnin Biristol, bincike kuma ya nuna ita ta ɗauki ranta. An san ta da alheri. Fiye da shekara 70 ta yi tana sayar da jan furen takarda wanda a ke sayarwa domin taimakon tsofaffin sojoji. Danginta sun faɗa a fili cewa ba masu roƙo suka jawo mutuwarta ba, ya wajaba mu faɗi wannan domin gaskiya. Duk da haka abin da aka tarar ya girgiza ƙasar. Rahoton da ya fito a farkon 2016 ya ƙiyasta cewa wasiƙun roƙo kusan 3,000 ke iso mata cikin shekara guda, gama ƙungiyoyi suna musayar sunayen masu bayarwa, waɗansu har sayar da su su ke yi. Alherinta ya zama alamar da a ke bi a same ta. Gwamnati ta sa Sa Stuart Etherington ya duba al'amarin a 2015. A 2016 aka kafa sabuwar hukuma mai lura da masu tara gudummawa, a 2017 kuma aka buɗe hanyar da mutum za ya rubuta sunan ƙungiya ya hana ta sake aiko masa wasiƙa ko kiransa a waya. Ba a hana roƙo ba, an dai sa masa linzami.

To, da an hana ɗungum fa? Waɗansu sun so haka, amma mu ba mu ga daidai ne ba. Yawancin mutane ba su bayarwa sai an tambaye su, ba don mugunta ba, sai don hidimar kowa ta ishe shi. Mai ciwo a ƙasa mai nisa ba shi da bakin da za ya kai kukansa; idan aka rufe bakin wanda ke magana dominsa, shi ne za ya sha wuya, mai kuɗi kuwa ya sami hutu.

Manzo Bulus da kansa ya tara gudummawa, shekara da shekaru, daga ikilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima. Bai ji kunyar roƙo ba. Har ya yabi mutanen Makidoniya a gaban na Korinti domin ya zuga su. Amma ka karanta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 16, da ta biyu, sura 8 da 9, ka ga yadda ya shirya abin. Ya ce kowa ya riƙa ware wani abu a gidansa ran fari ga mako gwargwadon samunsa, domin kada a yi tarawa sa'an da shi ya zo. Ka duba hikimar wannan! Ya san idan ya tsaya a gabansu, kwarjininsa za ya sa su ba da abin da ba su yi niyya ba, sai ya janye fuskarsa daga wurin, ya bar kowa da zuciyarsa da Ubangijinsa. Ya bayyana cewa ba umarni ya ke ba su ba, ba kuwa so ya ke su shiga ƙunci domin waɗansu su huta ba. Ya kuma haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa amintattu cikin hidimar, domin kada kowa ya sami abin zargi a kan kuɗin. Har Hananiya, wanda ya yi ƙarya a kan kuɗin gonarsa, Bitrus ya tuna masa cewa gonar tasa ce, kuɗin ma a hannunsa su ke, ba wanda ya tilasta masa.

Iyakar ke nan a tsakanin roƙo da matsi. Mai roƙo ya kan faɗi bukata, ya faɗi gaskiyar inda kuɗin za su, sa'an nan ya bar maka ƙofar fita. Mai matsi ya kan rufe ƙofar, ko da jikinsa, ko da kunya, ko da gaggawa, yana cewa yanzu yanzu. A bar na fari ya yi aikinsa a titi da ƙofar gida. Na biyu kuwa hukuma ta yi daidai da ta kwaɓe shi, ƙungiyarsa ma ta fi kowa bukatar a kwaɓe shi, gama wake ɗaya ke ɓata gari. Kada mu ce wannan ciwon Turawa ne kaɗai. A taron neman gudummawa na ginin majami'a, inda a ke kiran sunan mutum da lasifika a tsai da shi a gaban jama'a har ya faɗi adadi, an rufe ƙofar nan sarai, ko da ba a bi kowa taki ɗaya ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ka shirya bayarwarka tun a gida, ka san abin da ka ware da inda za ka kai. Wanda ya yi haka, idan aka tare shi ya iya tsayawa ya ji, ya tambayi sunan ƙungiya da ko biyan mai roƙon a ke yi. A Ingila dokar 1992 ta wajabta wa mai roƙo na haya ya bayyana wannan. Idan bai gamsu ba ya ce, “Na gode, ba yau ba,” ya wuce ba tare da zagi ba, gama saurayin nan ma abincinsa ya ke nema.

Idan kuwa kai ne ikilisiya ta aika, ka roƙa sau ɗaya, ka karɓi amsa. Kada ka yi alkawarin cewa Allah za ya mayar wa mai bayarwa riɓi kaza, gama ba a ba ka wannan ikon ba. Ku tafi ku biyu, ku rubuta abin da kuka karɓa. In kuka shiga gidan tsohuwa ko majinyaci, kuka ga hankalinsa bai kama abin da a ke faɗi ba, ku gaishe shi, ku yi masa addu'a, ku fito da takardarku ba sa hannu.