Ina Gawayi Da Fetur Suka Samo Ƙarfinsu?

'Yan uwana ɗalibai, itace, gawayi, kwal, kananzir, gas da fetur duk 'yan gida ɗaya ne. Abin da ya haɗa su shi ne sinadarin kabon.

Ƙarfin da ke cikinsu asalinsa daga rana yake. Bishiya tana amfani da hasken rana ta haɗa abincinta daga ruwa da iskar kabon dayoksaid, sai ta adana ƙarfin a jikinta. Kwal tsirrai ne da ƙasa ta binne tun miliyoyin shekaru, fetur kuma daga ƙananan halittun teku ya samu. A Najeriya an gano kwal a yankin Inugu a 1909, man fetur kuma a Oloibiri a 1956.

Idan aka kunna wuta, kabon yana haɗuwa da iskar oksijin, sai wannan ajiyayyen ƙarfi ya fito a matsayin zafi. Shi ya sa maƙeri yake aiki da zugazugi: yana ƙara wa gawayi oksijin ne har ƙarfe ya yi ja. Gawayi ya fi itace zafi saboda an riga an kore ruwa da hayaƙin da ke cikinsa, kusan kabon ne ya rage.

A ganina babban amfaninsu shi ne ƙarfi mai yawa a ɗan wuri kaɗan. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da kusan kilowat-awa 9. Da za a mayar da shi duka lantarki, zai kunna ƙwan fitila mai wat 10 na awa 900! Sai dai janareta ba ya iya haka, fiye da rabi yana tafiya a zafi. Sannan ana iya ajiye su. Gawayi yana zama a buhu, fetur a jarka, har ranar buƙata. Hasken rana kuwa ba ya shiga buhu, dole mai sola ya nemi batir.

Amma a kula, musamman lokacin sanyi. Idan gawayi ya ci a ɗakin da aka rufe, oksijin ba ya isarsa, sai ya fitar da kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. Hayaƙin janareta ma yana ɗauke da ita. Don haka janareta a waje yake kwana, nesa da taga, kuma kaskon wuta a fitar da shi kafin a rufe ƙofa.