Yadda Gida Zai Tallafa wa Ma'aikatan Ikkilisiya a Abuja

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zaman Abuja ya ƙara tsauri, kuma ma'aikacin ikkilisiya ba shi da bakin yin kuka, don kada a ce abin duniya ya kawo shi. Baiko na ranar Lahadi ba ya isa ko'ina. Ga abin da gida ɗaya zai iya yi.

1. Ku fara da wanda ba a gani. Babban fasto a Maitama ko Wuse ba ya rasa mai kawo masa buhun shinkafa a Kirsimeti. Mai gadin majami'a, mai shara, malaman makarantar Lahadi, da mai bishara da ke zaune a ƙauyen Gbagyi bayan Kuje ko Kwali, su ne ake mantawa da su. Idan ku 'yan ECWA ne, ku tambayi dattawa wane mishan na EMS, ƙungiyar bisharar ECWA, ikkilisiyarku ke ɗauka, ku karɓi lambarsa, ku san sunayen 'ya'yansa.

2. Kuɗin haya shi ne babban ciwo. A nan mai gida shekara guda yake so a dunƙule, ga kuɗin dillali a kai. Wanda ke karɓar ɗan alawus wata-wata ba zai tara wannan ba, ko a Kubwa yake, ko Lugbe, ko can Mararaba. Gidaje biyar ko shida su haɗu su yi adashi, su ware kwasa ɗaya ta zama ta hayar mai bishara. A rubuta watan da hayar ke ƙarewa, a fara tarawa tun da sauran wata shida. Kuɗin ya zauna a hannun mutum biyu, kuma a biya mai gidan kai tsaye a karɓi rasit. Ba rashin yarda ba ne: kuɗin da ya kwana a gidan fasto, wani mabukaci zai ƙwanƙwasa ƙofa kafin gari ya waye, shi kuwa ba zai iya cewa babu ba.

3. Mudu ɗaya duk wata ya fi buhu sau ɗaya a shekara. Da kaka, lokacin da masara, wake da doya suka yi sauƙi a kasuwar Gwagwalada, ku ƙara kaɗan a kan cefanenku don ma'aikacin. Zumuntar Mata ta fi kowa iya tsara wannan, a bar musu.

4. Idan akwai kujera a motarku, ku ɗauki ɗan mawaƙa ko dattijuwar da ke jiran mota a Nyanya.

5. Ku tuna da Mama. Matar fasto ita ke dafa wa baƙin da ba ta gayyata ba, ba albashi, ba hutu. Ku cika mata tukunyar gas, ku riƙe mata yara yini ɗaya, ko ku sayi abin da take sayarwa a farashinsa, ban da bashi.

6. Rajistar inshorar lafiya ta Babban Birnin Tarayya ga iyalin ma'aikaci ta fi karo-karon gaggawa bayan an kwantar da yaro a asibiti.

7. Gwauraye, marayu da 'yan'uwan da suka gudo daga Gwoza suke zaune a sansanonin Durumi da Kuchingoro sun gaji da ziyarar ɗaukar hoto. Ku ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya har ya gama, ko ku sama wa saurayi gurbin koyon ɗinki ko walda.

8. Kada a kira sunan wanda aka taimaka a sanarwar sujada. Ku kai kayan gidansa da yamma, ku ce, "Baba, ga ɗan abin miya daga yaranku," ku sha ruwa, ku tashi.