Darasin Lafiya: An Sami Ƙwayar GBS A Jikin Mai Ciki, Ina Za Ta Haihu?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan karo domin mata masu ciki ne, da iyaye mata da ungozomomi waɗanda sukan tsaya a kan mace ranar naƙuda. Muna roƙo a karanta shi da ƙarfi a taron zumuntar mata. A karanta wa maza kuma, gama sau da yawa kuɗin mota yana hannunsu ne.

A ce mace ta je awo a babban asibiti, cikinta ya shiga wata tara. Aka yi mata wani gwaji. Bayan kwana biyu ko uku aka rubuta haruffa uku a katinta, GBS, aka ce mata an sami ƙwayar. Layi ya yi tsawo, ba ta sami zarafin yin tambaya ba, ta dawo gida da tsoro. Kafin dare, wata ta ce ciwon sanyi ne maigida ya kawo mata. Wata ta ce ba makawa sai an yi mata aiki. Wani kuma ya ce a sayo kafso a kemis ta sha ta huta. Babu ko ɗaya cikin maganganun nan uku da yake daidai, kuma kowannensu yana iya jawo ɓarna.

Mece ce wannan ƙwaya?

Cikakken sunanta sitireftokokus na rukunin B. Wata masaniya 'yar Amurka, Rebecca Lancefield, ita ce ta rarraba wannan dangin ƙwayoyi rukuni rukuni a 1933, ta ba kowane rukuni harafi. Daga nan B ɗin ya fito. Saboda haka ba ta da wata dangantaka da ciwon hanta wanda shi ma ake kira B. Mun faɗi wannan domin mutane da yawa sukan haɗa su.

Ƙwayar tana zama cikin hanjin mutum, maza da mata, daga nan takan kai ga gaban mace. Mai ɗauke da ita ba ta jin komai: ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba wari. Takan zo ta tafi da kanta, shi ya sa mace tana iya kasancewa da ita a wannan ciki, a na gaba kuma babu. Ba a lissafa ta cikin ciwon sanyi. Ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuwa shaidar cewa miji ko mata sun ci amanar aure ba. Kada gida ya rikice a kanta. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da wata makarantar koyon kiwon lafiya ta Landan a 2021 ya ce kimanin mata masu ciki 15 cikin 100 a duniya suna ɗauke da ita, wato kusan miliyan 20 kowace shekara. In muka bi wannan lissafi, cikin mata masu ciki 40, wajen 6 suna da ita ba su sani ba.

To, in ba ta damun uwa, me ya sa ake nemanta? Saboda jariri ne. Sa'ad da faya ta fashe, ko lokacin da jariri yake fitowa, yana iya shaƙa ko haɗiye ruwan da ƙwayar take ciki. Wajen rabin jariran irin waɗannan mata sukan ɗauki ƙwayar a jikinsu, yawancinsu kuma ba abin da yake samunsu. Amma 'yan kaɗan ƙwayar takan shiga jininsu, ko huhunsu, ko ta zama musu sanƙarau, kuma ciwon yana da sauri ƙwarai. Jaririn da aka haifa lafiya da safe yana iya galabaita kafin dare. Rahoton nan na 2021 ya ƙiyasta cewa ƙwayar tana kashe jarirai kusan 100,000 a shekara, tana kuma sa a haifi wajen 46,000 babu rai, kuma kusan rabin wannan nauyi a kan ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yake.

Maganin ranar naƙuda ne

Abin da yake kare jariri shi ne a ba uwa penisilin, ko ɗan'uwansa amfisilin, ta jijiya sa'ad da take naƙuda. Akan ba da na farko da zarar naƙuda ta kama ko faya ta fashe, a riƙa maimaitawa kowace awa 4 har ta sauka. Maganin yakan rage ƙwayar a hanyar haihuwa, yakan kuma ratsa ya shiga jikin jariri tun yana ciki. Ya fi aiki in ya shiga jikin uwa aƙalla awa 4 kafin haihuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da lissafi haka: in uwa tana da ƙwayar ba a ba ta magani ba, jariri 1 cikin 200 yakan kamu da ciwon, in an ba ta, 1 cikin 4,000. A can Amurka, tun 2002 aka ce a gwada kowace mai ciki. A Ingila ba a gwada kowa da kowa, akan duba alamun haɗari ne. Amma a kan maganin naƙuda bakinsu ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayansa cikin shawarwarinta na 2015.

Me ya hana a sha kafso tun yanzu a gama da ita? Ƙwayar tana da mazauni cikin hanji. In an sha magani yau za ta ragu, amma bayan an daina sha sai ta sāke yawaita, ranar haihuwa a same ta tana nan. An ɓata kuɗi ke nan, mace kuma ta zauna a gida tana zaton ta warke, wannan kuwa shi ya fi haɗari. Haka nan zama cikin ruwan bagaruwa, ko cusa tafarnuwa, ko wanke gaba da ruwan magani, ba sa kawar da ita. Wuri ɗaya ne ake ba da magani kafin naƙuda, wato in an sami ƙwayar cikin fitsari har ta kawo ciwon mafitsara. Likita zai yi maganin wannan nan da nan, amma duk da haka sai an sāke ba da na jijiya ranar naƙuda.

In mace ta taɓa shan penisilin ko amfisilin jikinta ya yi borin jini, ko fuskarta ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, lalle ta faɗa tun a wurin awo a rubuta a kati. Akwai waɗansu magunguna da ake ba irinta, amma ba kowane ɗakin shan magani yake ajiye su ba, sai an shirya.

Wace hanyar haihuwa za a bi?

Mu fara da aiki, tun da shi ne abin tsoro. Samun GBS ba dalilin yi wa mace tiyata ba ne. Tana iya haihuwa da kanta kamar kowace mace. In akwai wani dalili dabam, misali jariri ya gicciye, ko mahaifa ta tare hanya, aka shirya tiyata aka yi ta kafin naƙuda ta fara, faya kuma ba ta fashe ba, to ba a bukatar maganin GBS ɗin, sai dai wanda akan ba kowace mace da za a yi wa aiki. Amma in naƙuda ta riga ranar da aka sa, ko faya ta fashe, a tafi asibiti nan take, a kuma nuna katin.

Sai haihuwa a gida. Mun san dalilan da suke sa mata da yawa su zaɓe ta: nisa, da kuɗi, da kunya, da kuma cewa ungozomar unguwa ta san mace tun tana yarinya, tana yi mata magana da taushi. Ba mu raina wannan ba. Amma gaskiya ita ce, ungozoma ba za ta iya sa magani ta jijiya kowace awa 4 ba, kuma in jariri ya soma nishi da tsakar dare babu abin da za ta ba shi. Kiran mai kemis ya zo ya yi allura ɗaya a ɗuwawu bai maye gurbin wannan ba. A ganinmu, macen da aka sami ƙwayar a jikinta ta haihu a asibiti. Ungozoma ta raka ta, ta zauna kusa da ita. Wannan aiki ne babba.

Ba lalle sai asibitin birni ba. Ƙaramin asibiti ya isa, in dai an tabbatar da abu uku tun kafin ranar: akwai ma'aikaciya da take kwana a wurin, tana iya sa allura ta jijiya, kuma maganin yana nan. A je a tambaya, maigida da kansa ya je in ya yiwu. In suka ce sai an sayo magani, a karɓi takarda daga hannunsu, a saya a wurin da aka amince da shi, a ajiye cikin kayan haihuwa. A kuma tambaya ina sukan tura jariri in ya yi ciwo, da abin da za a hau a kai shi.

Lokacin tafiya ma ya sāke. An saba mace ta daure, ta yi shiru, ta gama tuwon dare, sai ciwo ya kai matuƙa kafin ta faɗa, musamman a haihuwar fari. Ga mai GBS wannan dauriya tana cinye awa 4 ɗin nan da jariri yake bukata. Da jin naƙuda, a kama hanya. Macen da ta saba saurin haihuwa, ko wadda rafi yakan raba ƙauyensu da asibiti da damina, gara ta koma wurin dangi kusa da asibiti tun da sauran kwanaki. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta ɗauki katinta, ta kuma bayyana wa uwarta abin da aka rubuta.

Wani lokaci faya takan fashe, naƙuda kuwa shiru. Kada a jira gari ya waye. Fayar nan ita ce shingen da ke tsakanin jariri da ƙwayar, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan awoyin da suka wuce. In ciki ya kai mako 37, likitoci sukan fara magani nan da nan, su kuma sa ruwan naƙuda domin a haihu da wuri. Kada iyali su ƙi. Kada kuma kowa ya sa hannu ya duba a gida bayan faya ta fashe. In kuwa an isa asibiti a makare, jariri ya fito kafin awa 4 ta cika, ba laifin kowa ba ne, ba a kuma tsai da haihuwa domin jiran magani. Sai dai a ƙara sa wa jaririn ido.

Waɗanda ba a gwada ba

Yawancin matanmu ba za su taɓa ganin haruffan nan a katinsu ba, gama gwajin yana bukatar ɗakin gwaje-gwaje, ba a kuwa saba yinsa a ƙananan asibitoci ba. Inda ake yi, akan shafa 'yar auduga a bakin gaba da dubura, tsakanin mako 35 da 37 ko kusa da haka, domin amsar ba ta daɗewa fiye da mako 5 tana da amfani. Inda ba a yi, ma'aikata sukan duba waɗansu alamu su ba da magani kamar an sami ƙwayar: in naƙuda ta zo kafin mako 37, in faya ta fashe aka yi awa 18 ba a haihu ba, in uwa ta yi zazzaɓi cikin naƙuda, ko in an tabbatar ciwon ya taɓa kama wani jaririnta a baya. Saboda haka a lura da lokacin da faya ta fashe, a riƙe shi a faɗa. Macen da ta taɓa rasa jariri cikin makon farko, ko da ba a san dalili ba, ta gaya wa mai awo, ko da maganar tana da nauyi.

Bayan an sauka

A ba jariri nono tun awa ta farko. Ƙwayar ba ta hana shayarwa. A zauna a asibiti aƙalla awa 24, gama yawancin jariran da ciwon zai kama da wuri sukan nuna alama a ranar farko. Akwai kuma wanda yakan zo a makare, daga kwana 7 har wata 3, sau da yawa a matsayin sanƙarau, kuma maganin naƙuda ba ya hana wannan. Ana gwajin allurar rigakafi da za a riƙa yi wa masu ciki, amma ba a kai ga fara amfani da ita ba tukuna. Idon uwa da na kaka shi ne abin dogara.

A kai jariri asibiti nan take, ko dare ko rana, in ya ƙi kama nono, ko yana nishi, ko numfashinsa ya yi sauri har 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa. Haka nan in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, in ya saki jiki ba ya motsi sai an taɓa shi, in maɗigarsa ta kumbura, ko ya yi jijjiga. Kada a tsaya jiƙo ko hayaƙi. Kada zaman jego ya hana fita, ko jiran maigida ya dawo daga gona. A rungume shi a ƙirji, fata da fata, a rufe shi a tafi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane asibiti mafi kusa da mu ne yake da ma'aikaciya da dare, mai iya sa magani ta jijiya? Wa zai je ya tambayo mana kafin taro na gaba?
2. In faya ta fashe wa mace da ƙarfe 2 na dare cikin watan Agusta, wa za a tasa, da motar wa ko babur ɗin wa za a tafi?
3. Zumuntarmu tana da asusun da iyali za su ranci kuɗin mota da na magani a daren, su biya bayan girbi? In babu, me zai hana?
4. In muka ji ana zargin wata ko mijinta saboda wannan gwaji, me za mu ce, kuma wa ya fi dacewa ya faɗa?