DARASIN TSARKI: Gashin da Wuta ta Busar, da Ruwan da Ake Hana Shi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum Ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasin nan ya fi shafar mata, amma muna karanta shi gaban maza domin su kai shi gida. Bayan kowace salla ƙarama ko babba, da bayan bukukuwan aure, mata da yawa suna kukan gashinsu ya bushe, yana karyewa, yana zuba a kan mataji. Akasari dalilin shi ne ƙarfe mai zafi, da na'urar busar da kai, da man miƙar da gashi, da kitso mai tsanani. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, wadda ta kashe kuɗi a kan kanta takan ji tsoron ruwa, har ta jinkirta wankan da ya wajaba a kanta, ko ta yi shi daga wuya zuwa ƙasa.

Kula da gashi yana cikin sunna. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira umurnin Manzon Allah (SAW) ga mai gashi da ya mutunta gashinsa. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin mutumin da ya shiga masallaci kansa a hargitse, Annabi ya yi masa nuni da ya fita ya gyara. Amma kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal hani ga yawan taje kai kullum, sai dai a riƙa tsallake rana.

Silin gashi, da zarar ya fito daga fata, ba ya da rai, ba ya kuma warkewa kamar yadda rauni yake warkewa. Bayansa an lulluɓe shi da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar na kifi, su ne suke riƙe laima a ciki. Wuta tana ɗaga ɓawon nan, tana tsattsage shi. Idan aka ɗora ƙarfe a kan jiƙaƙƙen gashi, ruwan da ke cikin silin yana tafasa ya fasa shi daga ciki. Man miƙarwa kuwa, da sinadari mai ƙarfi ake haɗa shi, yana tsinka igiyoyin da ke riƙe da murɗin gashi, kuma abin da ya tsinke ba ya komawa. Ga shi gashinmu murɗaɗɗe ne, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya gangarawa har ƙarshen sili da sauƙi. Sai a haɗa da iskar hunturu, wadda a Damagaram da Tawa takan saukar da laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna zaton mai shi ne yake jiƙa gashi, sai su yi ta lafta basilin a kan busasshen kai. Mai ba ya da ruwa a cikinsa. Aikinsa shi ne ya tsare ruwan da ya riga ya shiga, kamar marfi a bakin tulu. Don haka ruwa ne farko, mai daga baya. A wanke kai da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. A guji sabunin wankin tufafi, domin yana kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Kakanninmu suna jiƙa ganyen karkashi su wanke kai da yauƙinsa, yana sa santsi, yana sa tsifa ta yi sauƙi. Ganyen magarya kuwa ya zo a hadisi: Muslim ya ruwaito cewa da Asma'u ta yi tambaya a kan wankan haila, Annabi (SAW) ya umurce ta da ruwa da magarya, ta cuɗa kanta sosai har ruwa ya kai tushen gashi. Bayan wanki, tun kai yana da danshi, a narkar da man kaɗanya kaɗan a tafin hannu, ko man riɗi, a bi gashin da shi, a fi ba ƙarshensa, domin shi ne ya fi tsufa ya fi shan wuya. A warware da yatsu kafin mataji mai manyan haƙora, a fara daga ƙarshe a hau zuwa tushe. A bar shi ya sha iska a inuwa.

Bakin gashin da ya tsage gida biyu ba ya da magani sai almakashi, kome mai tallar mai zai faɗa. Gashi yana tsiro kamar santimita 1 a wata, saboda haka wadda ta ƙone tsawon yatsa tana bukatar haƙurin wata shida ko fiye, ba tare da ta koma ga wuta ba. Kitso mai jan goshi, wanda muke gani har a kan yara ƙanana suna kwana suna kuka, yana cinye gashin gaba, idan ya daɗe kuma wurin ba ya sake tsiro.

Mu koma ga hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya, game jiki da ruwa, da cuɗawa, da tsettsefe gashi har ruwa ya kai fata, suna cikin farillan wanka. Shari'a ta sauƙaƙa wa mace: Ummu Salama ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta kwance kitsonta domin wankan janaba, ya ce a'a, ya ishe ta ta kamfata ruwa sau uku ta zuba a kanta, sannan ta kwarara wa jikinta. Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a kan haka, tare da cewa ta matsa gashin domin ruwa ya ratsa. Malaman da suka yi sharhin Muhtasar na Halil, kamar Shaihu Dardir, sun fayyace: kitson da aka yi da gashin kai kaɗai, idan ya yi tsananin da ruwa ba ya shiga, a kwance shi domin wanka. Wanda aka yi da zare uku ko fiye, a kwance shi domin wanka da alwala duka. Man da ya narke ya bar santsi kawai ba ya hana tsarki, amma wanda ya daskare ya yi kauri a kan gashi shamaki ne, sai an gusar da shi. Tsoron lalacewar gyaran kai kuwa ba ya cikin uzurorin taimama. Wadda ta bar kanta a bushe cikin wankan farilla, wankanta bai cika ba, sallolin da ta yi bayansa sai ta rama su.

Wata kuma, idan gashinta ya zube, sai ta nemi ƙarin gashi ta rufe. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u ƴar Abubakar cewa wata mace ta nemi izinin yi wa ɗiyarta amarya ƙari, bayan ƙyanda ta zubar mata da gashi, Annabi (SAW) bai yarda ba, ya kuma ambaci la'ana ga mai ƙarin da wadda ake yi wa. Uzurin wannan amarya ya fi na wadda ta ƙone nata da hannunta.

Ku magidanta, wani lokaci ku ne kuke biyan kuɗin gyaran kan, ku ne kuke yabon miƙaƙƙen gashi, sannan ku ne sababin wankan da take gudu. Ku tambayi iyalinku da lalama yadda suke wanka idan sun yi sabon kitso, ku sayo musu man kaɗanya, ku bar su su yi kitso mai sassauci. Wadda fatar kanta ta ƙone har ta yi gyambo, a kai ta wurin likita. Idan ya tabbatar ruwa zai cutar da wurin, tana da sauƙin shafa a kan abin da aka ɗaure shi da shi, kuma hukuncin shafa a kan rauni shi ne darasinmu na gaba, in Allah Ya so.