Saƙar Safa Domin Marayu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan buso daga Hamada. A lokacin nan ƙafafun yara sukan yi kaushi da faso, har su zub da jini. Maraya, wanda ba shi da mai saya masa safa, ya fi kowa shan wuya.

Ko yarinya 'yar shekara 10 tana iya taimakonsa. Kwarashi ɗaya da dunƙulen ulu sun ishe ta. Da fari sai ta auna tafin ƙafarsa da zare, ta ƙara tsawo kaɗan, gama ƙafar yaro tana saurin girma. Sa'an nan ta soma saƙa daga wajen yatsu, tana kewayawa. Kada ta ja ulun da ƙarfi, don kada safar ta matse shi. Ta riƙa ƙirga layuka kuma, domin ta biyun ta zo daidai da ta farin.