Darasi: Yaron Da Aikinsa Ya Ƙi

A watan Yuli na 2017 aka yi gasar ƙera mutum-mutumin inji a Washinton ta Amurka, domin 'yan makaranta daga ƙasashe fiye da 150. 'Yammata shida na Herat ta Afganistan suka tafi Kabul neman biza har sau biyu, sau biyu kuwa aka hana su. Kayan aikinsu kuma suka yi jinkiri a hanya, har mako biyu kaɗai ya rage musu. Duk da haka ba su yar da aikin ba. Daga baya aka bar su suka tafi. Ba su zo na ɗaya ba, amma aka ba su lambar azurfa saboda ƙarfin halinsu.

Ya ku iyaye da malamai, mu a Jahun mun san irin wannan. Sa'anda ambaliya ta cinye shinkafa a fadama, manomi ya kan yi baƙin ciki, kana ya tashi ya shirya noman rani. Haka nan idan abin da yaro ya haɗa ya ƙi aiki, kada ku karɓe daga hannunsa, gama wajen gyara ya ke koyon haƙuri.

Tambaya: Ran da ɗanka ya faɗi, me ka fara ce masa?